Ƙungiyarmu ta matan unguwa tana son yi wa jama'a aiki, ta ina za mu fara?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya. Ta ce su mata ne kusan 30 a unguwa ɗaya, sun shekara biyu suna haɗuwa duk wata, suna zuba abin da ya sawwaƙa domin taimakon junansu. Yanzu suna son hannunsu ya kai ga sauran jama'ar unguwa, amma ba su san yadda ake neman kuɗi daga waje ba, ba su kuma san wane aiki ya kamata su kama ba. Babban tsoronta shi ne kada kuɗi ya shigo ya raba kawunansu.

'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Na daɗe ina zama da ƙungiyoyin mata irin taku, kuma cikin waɗanda na ga sun watse da wuya a samu wadda rashin kuɗi ya watsa. Yawanci kuɗin ne ya taru alhali ba a tsayar da abin da za a yi da shi ba. Don haka ki ajiye zancen tara kuɗi tukuna. Ku fara tsayar da aiki guda ɗaya, mai suna, mai iyaka, wanda kun san nawa zai ci. Sannan ku fita neman kuɗinsa.

Kuɗin da ke kwance a asusu ba da sunan komai ba, kowace mace gani take tana da haƙƙi a kansa. Yau wannan ta zo da maganar kuɗin makarantar ɗanta, gobe waccan ta ce maigidanta na kwance a asibiti, kuma duk gaskiya suke faɗa. Ma'ajiya ba ta da bakin hanawa, tunda ba ta da abin da za ta nuna ta ce dominsa aka ajiye. Kafin shekara ta zagayo rabin asusun ya koma bashi a hannun 'yan ƙungiya, kunya ta hana a tambaya, masu bashin kuma su fara ƙaurace wa taro. Su ma mutanen waje ba sa sa hannu a aljihu don kawai an ce musu a taimaka wa ƙungiyar mata. Amma ki ce wa mutum rufin aji biyu na makarantar unguwa yana yoyo, ga takardar ƙiyasin kafinta, ga abin da mu da kanmu muka haɗa, saura kaza, za ki ga ya tsaya ya saurare ki.

Wajen zaɓen aikin, kada ku zauna a ɗaki ku yanke ku kaɗai. Matan da ke iya biyan kuɗin wata ba su ne suka fi kowa shan wahala a unguwa ba, kuma abin da ke damun ku ba lallai shi ke damun wadda ba ta da halin shiga ƙungiya ba. Ku rabu biyu-biyu ku zaga gidaje. Ku zauna da shugaban makaranta, da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, da masu kwashe shara. Tambaya ɗaya ta isa: mene ne abin da in aka gyara shi a bana za ku ji sauƙi? Za ku dawo da jerin koke mai tsawo. Ku cire duk abin da ba za ku iya gamawa cikin wata uku zuwa shida ba, domin aikin farko dole ne ya ƙare idon mutane na gani. Ku cire abin da gidajenku kaɗai za su amfana da shi. Abin da ya rage kuma ku yi masa tambayar da aka fi mantawa da ita: ranar da muka gama muka tafi, wa zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa?

Misali mafi kusa shi ne famfon tuƙa-tuƙa. Ranar buɗewa ana murna, ana ɗaukar hoto. Bayan shekara guda sai wata 'yar roba a cikinsa ta cinye, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin saye. Wannan ya ce ai na ƙungiyar mata ne, ƙungiya ta ce ai mun damƙa wa unguwa. Sai ki wuce ki ga hannun famfon a sake yana lilo, allon da aka rubuta sunan ƙungiya yana nan tsaye kusa da shi, yara kuma sun koma inda suke ɗebo ruwa a da. Bincike daban-daban da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa a kowane lokaci, tsakanin famfo ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na irin waɗannan ba ya aiki. Ba haƙawar ce matsala ba, kulawar ce.

Waɗanda suka daɗe a wannan harka sun gane haka tun tuni. A Amurka, ƙungiyoyin matan garuruwa, waɗanda suka haɗe ƙarƙashin inuwa ɗaya a 1890, su ne suka fara kafa yawancin ɗakunan karatu na jama'a, sau da yawa da ɗaki guda da littattafan da aka tattaro daga gidaje. Da attajirin nan Andrew Carnegie ya fara ba da kuɗin gina ɗakunan karatu, wanda ya kai ga gina sama da 2,500 a ƙasashe daban-daban, sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma yi alƙawarin kashe kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen gudanarwa. In gari bai amince ba, babu gini. A garuruwa da dama matan ƙungiya ne suka matsa wa hukumomi lamba har suka sa hannu. A Kenya ma, da Wangari Maathai ta fara harkar dashen itatuwa da mata a 1977, ɗan ladan da ake ba mace yana rataye ne a kan itacen da ya rayu. Dasawa kaɗai ba ta isa ba. Wannan dabara ce ta sa mata suka riƙa ba shukar ruwa suna kare ta daga dabbobi, aikin ya yaɗu har ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2004. Ku ɗauki darasin haka: a cikin ƙiyasinku ku sa kuɗin gyara na shekarar farko, ku kuma sami yarjejeniya a rubuce da wanda zai karɓi aikin, makaranta ce ko asibiti ko kwamitin unguwa, kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya.

A ganina aikin farko da ya fi dacewa da sabuwar ƙungiya shi ne gyaran abin da yake akwai kuma yana da mai shi: bencuna da allo a aji, ban-ɗakin 'yan mata a makaranta, fitila a ɗakin haihuwa, yashe magudanar ruwa kafin damina. Sabon gini ku bar shi sai kun goge.

Kafin kuɗin kowa ya shigo hannunku, ku raba asusu. Abin da kuke zubawa don taimakon junanku naku ne, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Abin da kuka karɓa daga jama'a da sunan aiki amana ce, ba a ba da rance daga ciki ko na kwana ɗaya, ko da shugaba ce ta nema. Akwai kuma ɗan kuɗin gudanarwa, na takarda da kuɗin mota da kiran waya. Shi ma ya zauna daban, ya fito daga kuɗin wata, domin ku iya cewa da ƙarfin gwiwa duk abin da mutum ya bayar aikin ya tafi. In kuna yin adashi, shi ma littafinsa daban. Haɗa waɗannan a jaka ɗaya shi ne ƙofar da yawancin rigingimu ke shigowa ta cikinta.

Yanzu hanyoyin samun kuɗin. Na farko aljihunku. Ba sai ya yi yawa ba, amma ya zama kowa ta sa wani abu, domin shi ne hujjarku a gaban mutanen waje. Wadda ba ta da kuɗi ta ba da lokacinta, a rubuta mata shi a littafi kamar yadda aka rubuta na mai kuɗi.

Sai taron gidauniya, wanda shi aka fi sha'awa kuma shi ya fi yaudara. A gaban jama'a mutane kan yi alƙawari mai tsoka, a tafa musu, sakatariya ta rubuta. Washegari ƙungiya ta tara lissafin alƙawuran ta ɗauka kuɗi ne a hannu, ta kira magini. Bayan wata biyu sai a ga abin da ya shigo bai kai abin da aka faɗa ba, aiki ya tsaya a rabi. Ƙa'idata a nan ba ta canzawa: alƙawari ba ya shiga lissafi sai ya shiga asusu. Ku ware mata biyu masu haƙuri da sakin fuska waɗanda aikinsu kawai bin alƙawura ne, su fara tun cikin makon farko, kafin zafin taron ya huce. Ku kuma lura da abin da taron kansa ke ci. Hayar zaure, kujeru, lasifika, katin gayyata, abin taɓawa ga baƙi, in ba a kula ba sai su cinye rabin abin da aka samu. Ku sa wa kanku iyaka tun farko, misali kada hidimar taro ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuke sa ran samu, sauran ku nema aro ko kyauta.

Haka lissafin yake ga kasuwar rana ɗaya, inda mata ke kawo abin da suka ɗinka ko suka saƙa ko suka dafa a sayar. Tana da daɗi, tana jawo mutane su san ƙungiya, amma ku cire uwar kuɗi kafin ku ce kun ci riba. Na sha ganin mata sun kwana uku suna aiki, da aka zauna lissafi sai aka ga da kowacce ta ba da kuɗin kayan da ta saya kai tsaye, da abin ya fi haka. Ba ina hana ku ba ne, ku dai san me kuke nema daga ciki. Game da sayar da tikiti a ja ƙuri'a wani ya ci kyauta kuwa, ƙasashe da yawa sun sa masa doka ta musamman, kuma za ku sami mata a cikinku da addininsu bai yarda da shi ba. Bai kai a ɓata zumunci a kansa ba.

Hanyar da aka fi raina, alhali ta fi albarka, ita ce neman kaya maimakon kuɗi. Mai sayar da kayan gini zai fi saurin ba ki buhunan siminti a kan ya ƙirgo miki kuɗinsu. Kafinta zai iya yafe ladan aikinsa na kwana biyu. Mai mota ya kawo yashi sau ɗaya. Mutum ya fi samun kwanciyar hankali in ya san abin da ya bayar ba zai iya bin wata hanya ba. Ku rubuta kowane abu da ƙimarsa, ku ba da rasit kamar na kuɗi. Kada kuma ku manta da 'ya'yan unguwa da aiki ko aure ya kai su nesa. Yawancinsu suna son yin wani abu, abin da ke hana su shi ne rashin wanda za su yarda da shi. Hoton rufin da ke yoyo, takardar ƙiyasi, da lambar asusu mai sunan ƙungiya sun isa.

In kun yi aiki ɗaya ko biyu kun ga kun tsaya da ƙafarku, ku yi tunanin abin da zai riƙa kawo kuɗi a kai a kai, kamar kujeru da rumfunan haya. Amma fa sai da littafin fita da shiga, da kuɗin ajiya kafin a ɗauka, kuma 'yar ƙungiya ma ta biya. Ranar da aka fara cewa ai ta gida ce, a ba ta kyauta, daga ranar kujerun sun fara ƙarewa.

Akwai kuɗin da ya kamata ku yi taka-tsantsan da shi: na ɗan siyasa, musamman in zaɓe ya ƙarato. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zai so a sa hotonsa, zai so ku fito taronsa da sunan ƙungiya, a cikinku kuma akwai mata masu ra'ayi daban-daban. In zai bayar kamar kowa, a rubuta masa rasit kamar kowa, babu laifi. In da sharaɗi, ku gode masa ku wuce. Tallafin manyan ƙungiyoyi da hukumomi ma yana da nasa nauyin: rahoto, rasit, wa'adi, wani lokaci har da juya ku zuwa aikin da su suke so. Ku bari sai kuna da rajista da littafin lissafi na aƙalla shekara guda da za ku iya nunawa.

Yadda ake riƙe kuɗin shi ne amsar tsoronki kai tsaye. Kada ku gina tsarinku a kan cewa ma'ajiyarku mai gaskiya ce. Tabbas mai gaskiya ce, shi ya sa kuka zaɓe ta, amma tsari mai kyau ita ma yana kare ta daga zargi, da kuma matsin 'yan'uwa masu neman aro. Misalin da na fi so shi ne na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara a Nijar a 1991, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Akwatin kuɗinsu kwaɗo uku gare shi. Mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban, wadda ke ajiye akwatin a gidanta kuma ba ta da ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a taro. Mata biyu ne ke ƙirga, su zube kuɗin a fili, su faɗi jimilla da ƙarfi kowa ta ji. In an dawo taro na gaba, kafin a yi komai sai a tambayi mata nawa aka rufe akwatin da shi, sannan a ƙirga a gani ko ya yi daidai. Da yawansu ba sa karatu da rubutu, amma babu mai iya taɓa ƙwandala.

Ku da za ku yi amfani da banki, ku kwaikwayi wannan. Asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa hannu, kuma kada ukun su zama 'yan gida ɗaya ko aminan juna. Yawancin bankuna za su nemi dokokin ƙungiya a rubuce da takardar zaman da aka zaɓi shugabanni, wasu har da shaidar rajista, don haka ku tanada. Kada a taɓa cewa a turo ta asusun shugaba kafin namu ya buɗe. Saƙon shigar kuɗi da fitarsa ya riƙa zuwa wayar mace fiye da ɗaya. Duk wata ma'ajiya ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a zaga da takardar banki hannu-hannu, gani ya kori ji. Mai sayen kaya daban, mai riƙe kuɗi daban, kuma kafin a sayi abu mai tsada a ji farashi daga wuri uku. Sau ɗaya a shekara mata biyu da ba sa cikin shugabanci su duba littafi da rasit ɗaya bayan ɗaya. Shugabanci kuma ya kasance da wa'adi, shekara biyu ta isa.

Dokar ladabtarwa ku rubuta ta tun kuna dariya da juna. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna kula da dukiyar haɗaka ba tare da ta lalace ba. Cikin abubuwan da ta ga sun yi tarayya a kai akwai sa ido daga cikin su kansu, da hukunci mai hawa-hawa: laifin farko tunatarwa, na biyu 'yar tara, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kai ga dakatarwa. Ƙungiyar da ba ta da mataki tsakanin yin shiru da kora, shirun take yi har abin ya fi ƙarfinta.

In aikinku ya shafi taimakon mutane kai tsaye, marayu ko marasa lafiya ko ɗaliban da aka koro saboda kuɗi, ku tsayar da sharuɗɗan cancanta kafin a kawo sunaye, in ba haka ba kowace mace 'yar'uwarta za ta kawo. Ku biya makaranta ko asibiti kai tsaye ku karɓi rasit. Kuma ina roƙonku, kada a tsayar da yaro ko gwauruwa a gaban kyamara da kaya a hannu. Masu bayarwa suna da haƙƙin ganin lissafi, amma adadi da rasit sun wadatar. Unguwa ɗaya kuke, gobe za ku haɗu a hanya.

Kafin ku taɓa makaranta, titi ko asibiti, ku nemi izinin hukumar da ke da shi, a rubuce. Ku sanar da dattawan unguwa, ku jawo matasa cikin aikin ƙarfi, amma littafi da asusu su zauna a hannunku. Wani lokaci ma za ku gane cewa abin da ake bukata haƙƙi ne da ya rataya a wuyan hukuma. Mata 30 da suka je ofis tare, da takarda mai sa hannun magidanta 200, suka kuma koma bayan mako biyu, suka sake komawa, suna iya samar da abin da gidauniya goma ba za ta saya ba, kuɗin mota kawai suka kashe.

Da an gama aiki, cikin wata guda ku fitar da lissafi a shafi ɗaya: abin da aka samu, daga ina, abin da aka kashe, abin da ya rage. Ku manna a inda aka yi aikin, ku aika wa duk wanda ya bayar, har wanda ya ba da mafi ƙanƙanta. Wannan takarda ita za ku riƙe in kun fita neman kuɗin aiki na biyu. Tun a takardar neman taimako kuma ku faɗi abin da zai faru in kuɗi bai kai ba ko ya yi rara. In bai kai ba, a yi aji ɗaya a gama shi tsaf maimakon a kware rufin biyu a bar su a buɗe. In ya yi rara, ya shiga asusun gyaran wannan aikin, sai dai in an koma ga masu bayarwa sun amince a juya shi wani wuri.